Minti Casa'in a Osaka

Ci iya cikinka, kuɗin ɗaya ne,
agogon bango kuwa yana ƙirga.
Fumie ta tara faranti bakwai,
dunƙulen shinkafa, ɗanyen kifi ya lulluɓe shi kamar mayafi.

Kakanta Tokuji, shekara arba'in a kan teku,
ya ɗauki yanka guda da tsinke,
ya ɗaga shi saitin fitila.

"Wannan ya kwana a ƙanƙara,
ya manta ruwan da ya raine shi."
Duk da haka ya tsoma a romon waken soya.
Wasabi ya hau masa hanci,
hawaye suka gangaro.

"Yaji ne, Kaka?"
"Yaji ne."
Ya juya fuska wajen taga,
inda babu teku,
sannan ya miƙa hannu ya ƙara wani.