Tabo a Hawa na Huɗu

A ofishinmu na Whitehall, hawa na huɗu,
akwai tabo a bango, daidai tsayin kunnena.
Kofin shayi ne ya yi shi, shekara talatin da ɗaya ke nan.
Minista Penhallow ne ya jefo,
don na sa takardar kasafi a jar jaka maimakon shuɗiya.
Ni na share ɓaraguzan.
Ni kuma na ba da haƙuri.

A lokacin abin ba shi da suna.
Cewa ake, mutumin akwai zafin nama,
wuta ce, sai da ita girki ke nuna.
Rhodri na teburin bakin taga
yakan yi amai kafin taron ƙarfe tara,
ya kurkure baki, ya gyara wuyan riga, ya shiga.
Da ya ajiye aiki aka ce rago ne.
Har da bakina a masu faɗa.

Bara aka kawo Tamsin, 'yar ashirin da shida.
Sabon minista ba ya jifa, shi ya waye.
Nasa a sanyaye yake: kira da tsakar dare,
ya yaga aikin mako uku a gaban mutum sha biyu,
ya tambaya yana murmushi, wace makaranta ce ta yaye ki?
Tamsin ba ta shige banɗaki ta yi kuka ba
yadda muka gada.
Ɗan littafi ta saya.
Rana, sa'a, abin da ya ce, wa ya ji.

Na ja ta bakin Thames ana yayyafi,
na ce, yarinya, mai haƙuri shi ke dafa dutse.
Ta dube ni, ba raini, ba tausayi:
Morwenna, shekara talatin kina hura wuta.
Ina romon?

Wata biyar ana bincike.
Ya sauka yana huci a talabijin,
wai 'yan yanzu ƙwai ne, ba a taɓa su,
wai in haka ne wa zai iya mulki?
Tsofaffin abokaina suka gyaɗa kai.
Nawa kan ya ƙi motsi.

Litinin aka turo masu fenti.
Na tsaya ina kallo har burushi ya iso wurin,
shafa biyu, ya ɓace.

Da yamma na tono lambar Rhodri.
Ta yi ƙara sau bakwai.
Ban san da wace kalma zan fara ba
in ya ɗauka.