Siga ta Goma Sha Tara

Ƙarfe biyun dare a Garin Malam.
Kuran ya dawo, fanka ta yi tari ta tashi,
na buɗe ordinatar in gyara layi guda,
layi guda tal,
a shafin shagon maganin Hajiya Gaptiya,
inda kuɗin siron tari ya ƙi sauka daga jaka biyu.

Sai jan rubutu ya tare ni a bakin ƙofa:
abin da ka sani an daina yayinsa,
siga ta goma sha tara ta fito.

Yaushe kuma?
Ta sha takwas ko naman sunanta ban gama ci ba.
Wata huɗu na yi ina bin ta,
na ƙona mega na jaka bakwai
a kan wani mai gemu cikin bidiyo
da ke zuba kamar ɗan gwanjo a kasuwar Dole,
in tsayar da shi, in mai da shi baya, in sake tsayarwa,
har na iya.
Ranar da na iya
ashe shi ya tuba, ya koma wata masaƙar.

Famfon unguwarmu kwana shida bai ɗiga ba,
amma fakiti dubu da ɗari uku
sun kwararo cikin injina
don kawai allo ya ce "Sannu da zuwa".
Wannan na son wancan, wancan ya yi fushi da kakansa,
kakan kuwa mai shi ya watsar, ya tafi noma.
Ni ne mai sulhu.
Ba wanda ya biya ni kuɗin sulhu.

Mutari, yaron da na nuna wa inda ake kunna inji,
ya leƙo jiya a fada, shayi bai ko nuna ba,
ya ce, "Yaya, har yanzu da wannan kake aiki?"
Ya faɗi sunaye uku ban taɓa jin ko ɗaya ba.
Na gyaɗa kai kamar na sani.
Na tsani wannan gyaɗa kan.

Kawu Kiyari na dukanci a Birni, gindin duwatsu.
Na taɓa tsokanarsa: basillarka siga ta nawa ce?
Ya juya ta a tafin hannu, ya ce,
"Ƙota sau uku na sake, baki sau biyu,
amma ita ce dai."
Hannunsa bai taɓa wayar gari
ya tarar an sauya masa wurin riƙo ba.

Kada a ce na ƙi sabo.
Na tuna daren da maɓallina na farko ya amsa,
na yi ihu har Inna ta fito da tocila
tana tambaya ko kunama ce.
Wannan yaron nake nema,
ban san a wace siga na baro shi ba.
Lambar wayar ƙanwata ta fice mini a ka,
amma umarnin da ya mutu shekara biyar
yana nan daram a yatsuna, ya ƙi tashi.

Hajiya ba ta san masaƙa ba, ba ruwanta.
Ita dai in ta buɗe da safe
ta ga jaka da rabi.

To.
Na bar jan rubutun yana ta ja,
na shiga ta tsohuwar ƙofa kamar ɓarawon gidanmu,
na goge biyu, na sa ɗaya da biyar.
Ya karɓa.

Ladan ya gyara murya a masallacin Malam Ari.
Na jawo rasit ɗin kuran, na juya bayansa,
na rubuta: gobe, sha tara.
Sama da shi ga hannuna na watan azumi,
da wani bik da ya riga ya ƙafe:
gobe, sha bakwai.
Ban ma soke shi ba.

Ga-ruwa na buga ƙofa.
Ya ce jarka ta ƙara kuɗi.