Sanyin da Rana Ta Haifa

Zabairu ne ya hau rufin, a Bilbis,
bayan garejin da ke fuskantar tabki,
sukudireba a bakinsa kamar asuwaki.
Allo biyu ya shimfiɗa, baƙaƙe, masu ƙyalli,
ya leƙo ya ce: "Likita, ga gonarki.
Ba ta son taki, ba ta son hauya,
tsumma kawai take so kowace safiya."

Motar, da can burodi take kaiwa kasuwar Tawa.
Na fid da katakai, na sa katifa,
buta, risho, jakar allurai,
da ɗan firigo mai tari cikin dare
inda rigakafin ciwon huhun shanu ke kwana.

Batir uku gare ni.
Ɗaya na inji, shi ba a rance wurinsa,
ko cajin waya ne, ko fitila.
Biyu na ɗaki, ƙarƙashin gado,
ɗaure da roba kamar raguna a bayan akori.
Jar waya ta sauko daga sama ta shayar da su,
wani ƙaramin akwati na tsaye tsakani
yana ƙirga kowane kurɓi,
ya hana su ƙoshi har su kumbura,
ya hana ni tatsa har su bushe.

Abin da ba wanda ya gaya mini:
ni da rufina ba mu son abu ɗaya.
Da azahar idona na kan inuwar gawo,
shi kuwa ko reshe ɗaya ya gitta masa
sai ya yi fushi, ya rage awo.
To, na saba.
Motar a rana, ni da tabarma can gefe,
kamar maƙwabtan da suka yi faɗa
amma tukunyarsu ɗaya.

Sai marka ta same ni a hanyar Barmu.
Kwana uku sama ta ja bargo.
Sha biyu da bakwai.
Sha biyu da uku.
Sha biyu cif, lambar tana ƙifta mini ido.
Shanu ɗari huɗu na jirana a mashekarin Jaɓɓi,
kwalabe sittin na jiran sanyi.

Na kashe fanka.
Na kashe rediyo ana tsakiyar sanarwar suna.
Wayata ta mutu da saƙon 'yata a ciki,
ban buɗe ba.
Fitila ce ta ƙarshe.
Na zauna a duhu, sauro na karatu a kunnena,
hannuna a kan murfin firigo
kamar mai jinyar tsoho,
ina sauraro: ya yi tari? Ya yi.
Ya sake? Shiru.
Ya yi.

Sau biyu na miƙa hannu ga batir ɗin inji.
Sau biyu na ji muryar Zabairu:
"Wanda ya ci irin shuka, da me zai koma gida?"

Da asuba gabas ta tsage kaɗan,
kamar bakin buhu.
Na hau taya, na hau ƙofa,
na goge kashin balbela da gefen mayafina,
na sauko na tsuguna gaban akwatin.
Sha ɗaya da tara.
Sha biyu.
Sha biyu da ɗaya,
a hankali, yadda maraƙi ke koyon tsayuwa.

Da hantsi Jaɓɓi ya karɓi kwalba ɗaya,
ya manna ta a kuncinsa, ya zaro ido:
"Ina kika samo sanyi a wannan daji?"
Na nuna masa rana.
Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Saƙon 'yata, da wayar ta farfaɗo:
wai in sayo cuku.

Zabairu har yau yana bina jikka goma sha biyar.
Ran Lahadi, in sama ta yarda, zan kai masa.