Ciniki da Gaɓɓai

Asuba kan riske ni hannu a dunƙule,
kamar na damƙi wani abu cikin barci
na ƙi saki.
Buta ma sai Atine ta karkata mini.

Shekara talatin ina dukanci a Kurmi,
basilla ta fi bakina magana.
Jaki na mayar da jikin nan:
in labta masa kaya, in ce mu je.
Ban taɓa yi masa ban gajiya ba
sai da amosani ya sauka a gaɓɓai,
baƙon da bai faɗi ranar tafiya ba.

Na sha jiƙo, an kafa mini ƙaho,
na shafa man zafi har riguna suka haddace warinsa.

Wata Laraba adaidaita ta ajiye ni a Dala.
Malama Ramlatu, sa'ar 'yata ta uku.
Na zaci allura,
sai ta turo robar ruwan ɗumi.
"Tsoma, Baba. Ina zafin yake zaune?"
Na ce ko'ina.
Ta ce, "Ko'ina ba unguwa ba ce. Nemo mini gidan."

Na rufe ido na bi lungu-lungu
kamar baƙo a Yakasai.
Wuyan hannu lafiya. Ƙaramin yatsa, ashe, babu ruwansa.
Manuni ne da babban yatsa ke rigima,
kafaɗa kuma ta haye har kunne
don tsoron abin da bai iso ba.

"Sauke ta. Ja numfashi.
Buɗe ɗaya, tsaya inda ya ce tsaya.
Ba dambe muke ba, ciniki ne."

To, ciniki kam na iya.
Yau in taya, gwiwa ta ce albarka.
Ba na fushi. In zagaya, gobe in dawo,
in ƙara kaɗan,
wata ran ta sallama.

Har yanzu a kujera nake salla,
goshina na kewar ƙasa.
In hadari ya haɗo ta gabas
gwiwata kan riga kowa ji a unguwa.

Amma jiya na ɓalla maɓallin wuya da kaina.
Ya ɗau lokaci.
Atine na tsaye, ta ɓoye hannayenta a baya,
tana kallon bango kamar ba ta gani.

Basilla tana nan cikin jaka.
Ban kai ta ga fata ba tukuna.
Na dai goge mata tsatsa.