Layi na Biyar

Ranar Talata, bayan an dawo tara,
na tsaya gaban allo a ajina na Kakuri
da guntun allin da wani ya ci rabinsa.
Na ce, yau ba ni da labarin da zan ba ku.
Kowa ya zaɓi mutum ɗaya, mai rai, wanda ya sani,
ya zaunar da shi cikin layi bakwai.

Sunansa a sama.
Halayensa uku. Ɗan wa ne, uban wa.
Abin da yake so.
Na biyar, abin da yake tsoro.
Na shida, abin da yake fatan gani,
sai inda yake kwana.

Zuwaira ta ɗaga hannu tun ban juyo ba:
"Malam, ko gwamna?"
Na ce, kin taɓa ganin gwamna yana yanke farce?
Aji ya fashe da dariya. Ta zaɓi innarta.

Alhamis takardu suka dawo,
wata da tabon manja,
wata an yago ta daga littafin lissafi, da sauran rabawa a baya.
Innar Zuwaira, mai masa a bakin titi,
mai faɗa, mai kyauta, mai guɗa in wuta ta kama,
tana tsoron hadari ya haɗu
kafin ƙullu ya kai rabi.

Bulus ya kawo kakansa, shekara talatin a masaƙa,
har yau katin aikinsa na cikin aljihun gaba.
Yana son shayi ba madara.
Yana tsoron ƙarfe shida na safe,
don kunnensa na jiran jiniya
daga ginin da ciyawa ta cinye ƙofarsa.
Na karanta sau biyu.
Jan birona bai sami wurin sauka ba.

Tanimu kuwa layi shida ya kawo.
Babansa Gambo, bakanike, mai haƙuri, mai tsabtar sallah,
yana son ƙarar injin da ya tashi bayan an fid da rai.
Na biyar fari fat, kamar an share.
"Na tambaye shi, Malam.
Ya ce namiji ba ya tsoro."
Na ce, to bar shi haka, shi ma amsa ce.

Washegari ina kulle aji
sai ga mutum a jikin bishiyar mangwaro,
baƙin mai ya zauna a layukan tafinsa.
Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, bai tafi ba.
Can ya ce, "Yaron ya miƙo min takarda in duba.
Shekara goma sha biyu ina buɗe jarida a gabansa,
ina gyaɗa kai.
Hotuna nake kallo, Malam."
Ya yi dariya, ba ta kai ido ba.
"In akwai wurin da ya rage, wannan ne.
Amma kada ka rubuta."

Ban rubuta ba.
Litinin na ƙara doka ɗaya a allo:
kowa ya koma gida ya karanta wa mai waƙar waƙarsa,
da baki, da ƙarfi, takarda na hannunka,
shi nasa sauraro.

Tanimu ya ce babansa ya sa ya maimaita sau uku,
ya gyara masa abu ɗaya:
ba a Kakuri aka haife shi ba, a Maƙarfi ne.

Da dare na ɗauko takarda, na sa sunan mahaifina a sama.
Halaye uku suka zo da gudu.
Na san yana son goro fari da labarun ƙarfe takwas.
A na biyar na tsaya.
Shekara tara ke nan da muka kai shi makwancinsa,
kuma duk zaman da muka yi a ƙofar gida
ban taɓa tambaya ba.