Bayan Takarda

A bakin Kongo nake da ɗan teburi,
injin hoto guda, da kwamfuta mai tari.
Wuni nake ina buga maganar mutane:
babi na ɗaya, babi na biyu,
godiya ga iyaye, jinjina ga malami.
Yatsun nawa ne,
amma ko wasali ɗaya ba nawa a ciki.

Injin kan ci takarda in ya ga dama.
Wadda ya tauna, wadda tawada ta yi wa zane,
maigida ya ce a tara wa mai ƙosai.
Na juya guda, na ga bayanta fari sol
kamar tafin jaririn da bai riƙi komai ba.
Na ninke goma na cusa a jaka.
Wata biyu suna nan, ban ce musu uffan ba.

Jira nake abin faɗi ya zo da girmansa,
ya yi sallama, in shimfiɗa masa darduma.
Na ɗauka sai na hau Kufena tukuna
na ga gari duka a ƙarƙashin ƙafata.
Bai zo ba. Ni ma ban hau ba.

Wata Laraba aka ɗauke wuta,
janareto ba mai, na fito dakali.
Tsallaken titi, Tanimu mai faci
ya hura tif, ya danna shi a baƙin ruwan baho,
yana juya shi taƙi bayan taƙi,
bai ɗaga kai ba, bai dubi agogo ba,
har 'yan ƙwayoyin iska suka taso a jere.
Ya soka tsinken ashana a wurin.
Na ce, Baba Tanimu, ido ba ya gani ne?
Ya ce, 'Yar nan, huda ba ta kiran mutum.
Nutsar da ita, ki yi shiru,
da bakinta za ta faɗa miki inda take.

Na koma ciki da duhun shago,
na rubuta wannan, da biron rasit.

Tun daga ranar kunnena ya ƙi rufuwa.
Yaron mota na rantsuwa saura mutum ɗaya
alhali kujera huɗu na hamma.
Wani yaro a Gyallesu ya yanka tsohon silifa,
ya yi wa gwangwanin madara ƙafafu,
yana ja, yana yi masa kukan tirela.
Rimi ya fasa, auduga ta sauka
a kan hular mai shayi, bai sani ba,
ya yi ta fifita wuta da furfurar aro.

Ba duka ke tashi ba.
Na kai kuka wurin Gwaggo Lantana,
tana dama ƙullun waina da magariba.
Ta rufe tukunya da faifai, ta ɗora dutse.
Ta ce, wanda ake yawan leƙawa ba ya kumbura,
bar shi ya kwana.
Yanzu ƙarƙashin katifa nake kwantar da su.
Wanda ya tashi da safe in soya,
wanda ya ƙi, in mayar wa mai ƙosai.

Shekaranjiya na sayi na ɗari biyu.
A hanyar Tudun Wada na warware ƙunshin,
sai ga rubutun hannuna, wanda na yar.
Mai ya ratsa takardar har ta zama tagar gilashi:
babi na uku na wani ɗalibi
yana leƙowa ta tsakanin layukana,
yaji ya zauna daidai kan kalmar da na soke.
Na tsaya gefen kwata na karanta sau biyu.
Ashe ba ta mutu ba, gishiri ne bai ji ba.

Na cinye ƙosan.
Takardar na lallaɓa na mayar jaka.