Fankar 'Yar Kutungu

Bazara ta kai intaha.
Katsina ta zama tanda, mu ne wainar.
Larai ta jiƙa zane ta shimfiɗa a ƙasa,
Ummita na tsala kuka, ƙurajen zafi sun cika mata wuya.
Larai ta ce, "Malam, fanka."
Kalma ɗaya tak,
ta juya ta ci gaba da fifita da murfin kwano.

Albashi ya sauka ranar Laraba,
ya kwana biyu, ya yi sallama kafin Juma'a.
Ɗan abin da ya rage na ninke cikin hula.

A shagon sababbi, hanyar Ƙofar Ƙaura,
na gan ta fara fat cikin kwali, tana ƙamshin leda.
Yaron shago ya faɗi kuɗin, bai ko ɗago kai ba.
Na ce, "Bari in zagayo."
Ni da shi duk mun san babu zagayowa.

Sai 'Yar Kutungu,
inda kaya ke tsufa amma ba sa yarda su mutu:
rediyo mai tari, dutsen guga babu igiya,
takalmin hagu na jiran na dama tun bara.
Can na iske ta jingine da buhun ƙusoshi,
fiffike uku, ɗaya ɗaure da waya,
a gindinta an rubuta da jan fenti:
Ɗakin Haihuwa.
Ban tambayi ta ƙofar da ta fito ba.

Ɗan'inna ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa.
"Ji ƙarfe, Malam! Da tsohuwar zuma ake magani.
Na yanzu gwangwani ne aka shafa wa hoda."
Na taya, ya ce albarka.
Na yi kamar zan tafi, ya yi kamar bai gani ba.
A taku na bakwai ya ce, "Kawo."

Larai ta dube ta sama da ƙasa,
ta ce, "Araha ba ta ado."
Na ce, "Iska muka saya, ba ado ba."

Daren farko ta juya kamar mai jin kunya.
Dare na tara ta tsaya cak.
Sagir mai gyara ya ce kafasita.
Bayan sati uku ya ce kwayil.
Sai man keke, sai sabuwar waya,
sai kuɗin a-daidaita zuwa da dawowa,
ina rungume da ita kamar mai kai majinyaci asibiti.

Ni da nake koyar da lissafi a aji biyar
na zauna da alli a bayan ƙofa.
Na tara, na sake tarawa.
Tsakanina da fara fat ɗin nan ta kwali
saura kuɗin buredi biyu.
Na goge da hannun riga kafin Larai ta shigo.

Maƙwabcina Rabe sabuwa ya saya.
Ranar da wuta ta zo da hauka tasa ta ƙone,
na ji wani daɗi da na nemi gafara a kansa.
Kashegari ya ɗauki rasit,
aka ba shi wata.
Ni fa? Ɗan'inna ya ce, "An saya, an saya."

Tana nan dai.
Ƙiiƙ, ƙaƙ. Ƙiiƙ, ƙaƙ.
Tana girgiza kai hagu da dama
kamar tsohuwar da ta ga abubuwa da yawa
ta kuma yi alkawarin ba za ta faɗa ba.
Kukan farko na mutum nawa ta ji?
Goshin uwa nawa ta busar?

Jiya cikin dare aka ɗauke wuta.
Ummita ta farka, alhali garin da sanyin hadari.
Shirun ne ya tashe ta.
Ina kwance na ji Larai cikin duhu,
ita da ta ce araha ba ta ado,
tana jijjiga ta a hankali, tana yi da baki:
ƙiiƙ, ƙaƙ,
ƙiiƙ, ƙaƙ.

Har yau ban san layin da zan rubuta wannan ba,
na riba ko na asara.